Shekarun da Na Lissafa wa Baba

Har yau in ɗiyata ta kawo littafin labari daga lakwal, wato makaranta, muka zauna karatu, ita hankalinta yana kan yaran da ke ciki, ni kuwa idona yana kan ubansu da uwarsu. Shekarunsu nawa? Marubuta ba sa faɗa. Sai su ce Baba, su ce Inna, su wuce, kamar da gemu da ɗankwali aka haifi iyaye. Ɗiyata takan fizge littafin ta ce ni ba karatu nake yi ba, bincike nake yi kamar ɗan duwan a bakin iyaka. Gaskiyarta ce. Halin nan ina da shekara goma sha biyu ya kama ni, a Birnin Konni, kuma da ana mayar da hali inda aka samo shi da tuni na mayar.

Ina ajin ƙarshe na ƙaramar lakwal a lokacin. Mushe, malamin ajinmu, yana da wani akwatin ƙarfe cike da tsofaffin littattafan Faransanci, yakan ara wa wanda ya ga ba zai dawo da su da miya a jiki ba. Wanda ya faɗo hannuna ba shi da bango, gara ta ci sunansa da sunan wanda ya rubuta shi. Labarin wasu yara biyu ne, wa da ƙanwa, a wani gari na bakin kogi, suna neman kwale-kwalen ubansu da ruwa ya tafi da shi. Mu da ba mu san ruwan da ya wuce na fadama da damina ba, sai na karanta shi sau uku. An zana uban a shafi na farko da gemu, ya sunkuya yana ɗinkin taru. Ni dai na ba shi shekara sittin ban ko yi shawara da kowa ba.

A karatu na uku na lura da wani abu. A wani shafi uban yana gaya wa ɗansa cewa yana da shekara goma aka gina gadar garinsu, har shi ma ya ɗauki yashi a kai. Can gaba da nisa, wani tsoho mai gadin gadar ya ce shekara ashirin da takwas yake bakinta, tun ranar da aka buɗe ta. Na ajiye littafin na jawo allo. Talatin da takwas. Uwar kuma ta taɓa cewa a goye aka kai ta kallon buɗe gadar, ke nan ba ta wuce talatin ba. Mutanen da na ɗauka tsofaffi ne ashe yara ne ɗanyu shar. Na kai wa Mushe lissafin, ya karanta wa aji, ya ce ga wadda ta karanta littafi da ido biyu. Kaina ya kumbura ya yi gingirin. Da ma can ba ni da sauƙin baki, daga ranar kuwa sai na ga babu abin da zai ɓoye mini in dai ina da bik da kaye, wato biro da littafin rubutu.

Ba a yi wata guda ba takarda ta zo wa Baba.

Baba direba ne a wani buro, ofishin gwamnati. Farar mota yake ja, yana kai ma'aikata ƙauyukan Malbaza da Illela, wani lokaci kwana uku ba mu gan shi ba, ya dawo da albasa da ƙura a gira. Motar nan ya fi kula da ita a kan rigar jikinsa. Yakan kara kunne a jikin injin ya ce yau ba ta jin daɗi, kuma in makanike ya buɗe sai a ga haka ne. Mutum ne dogo, mai ƙarfi, shi kaɗai yake sauke buhun hatsi daga amalanke ya shigo da shi gida yana yi wa ƙannena waƙa. Ranar na dawo daga lakwal na tarar da shi zaune a kan tabarma da rana tsaka, abin da ban taɓa gani ba, hularsa a ƙasa. Na bi Inna madafa na tambaye ta.

"Takarda taz zo," in ji ta. "An ce babanku ya kai shekarun hutawa. Wata ukku ya rage mai."

"Wane hutawa? Shi yac ce ya gaji?"

"Takarda tac ce sittin. Ke kuma rage murya."

Ban rage ba. Sittin ina? Furfurar da ke kansa ba ta kai a ƙirga da hannu biyu ba. Da suka fita wata gaisuwa na buɗe akwatin Inna na zaro takardar haihuwarsa, ta yi ja, ninkin duk an manne shi da gam. A gaban shekarar an rubuta kalmar nan ta Faransanci mai nufin wajen shekara kaza. Kowa ya san yadda ake yin irin waɗannan takardu a ƙauye a da. Malamin buro ya dubi yaro, ya ce ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunne, in ya taɓo a ce ya kai bakwai, a rubuta. Nan take na yanke hukunci cewa wani malalacin malami ne ya yi wa Baba ƙarin shekaru, kuma ni zan kama shi. Abin da nake bukata kawai shi ne gada irin ta littafin.

Da aka ba mu hutu na ce zan je ganin Kaka, uwar Baba, a ƙauyenmu bayan Dogarawa. An yi mamaki, don ba ni da son ƙauye da bazara, amma aka sa ni a mota, daga Dogarawa kuma wani ɗan garinmu ya ɗora ni a amalanken jakinsa. Na sami Kaka a inuwar rumbu tana ɓarar wake. Ni da ita ba mu haɗuwa sai an yi tsiya.

"Ke kuma mi ya kawo ki da zahin ga? Sun kore ki lakwal don baƙin surutu?"

"Na zo in ga ko haƙoran sun ƙare."

Ta tambayi Inna, ta tambayi ƙannena ɗaya bayan ɗaya, sannan ta tambayi Baba. Kaka tana da wani suna da take kiran Baba da shi, wanda ba shi ne sunan da duk Konni ta san shi da shi ba. Ba mu taɓa damuwa da hakan ba. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, kunya ce, sai ta laƙaba masa wani, mu kuma a saninmu Baba ne ɗan farinta. Na ba ta amsa a gurguje, na zaro kaye.

"Tsohuwa, yaushe kinka haihi Baba?"

"Ran Laraba."

"Wace shekara?"

"Shekarar da nih haihe shi mana. Ni na riƙe maku shekaru?"

Sai na bi da ita ta hanyar littafin. Na ce to me aka yi a garin a lokacin, me ta gani, wa ya zo, me aka gina. Ta yi ta zagina tana dariya, ta ce 'yar boko ta zama jandarma. Can ta ɗaga kai ta ce ai wannan mai sauƙi ne.

"Ina da cikinshi anka haƙa rijiyar siminti. Ni ka kai ma masu aiki hura, ciki na gaba ina baya. Da ruwanta na hwari anka yi mai wanka."

Ban tsaya jin sauran ba, na kwasa a guje. Rijiyar tana bakin gari, mata biyu suna jan ruwa. Na san magina ba sa gama aiki ba su bar hannunsu a jiki ba. Na zagaya bakin ina shafawa, igiya ta ci simintin ta yi masa kwari-kwari, amma a gefen gabas, inda ba a cika tsayawa ba, na ga lambobi huɗu da aka zana da ƙusa tun simintin yana ɗanye. Na roƙi guga guda na wanke wurin, na kwafe, na cire daga shekarar da muke ciki. Hamsin da uku. Na sake yi, hamsin da uku. Shekara bakwai cur aka ɗora wa Baba. Matan nan suna kallona ina tsalle ni kaɗai kamar wadda kunama ta harba.

Na dawo ina haki na baje wa Kaka kaye a cinya, ita da ba ta san ko baƙi ɗaya ba. Na gaya mata maganar takardar hutawa, wadda ashe ba a gaya mata ba. Na ce malamin da ya rubuta takardar haihuwar ɓarawon shekaru ne, zan kai lissafin nan buro da kaina, Mushe zai raka ni, Baba ba zai ajiye makullin mota ba sai bayan shekara bakwai. Ina ta zuba ban lura ta daina ɓarar waken ba.

"Malamin bai yi kure ba," ta ce.

"Ya yi mana! Ga shi nan baƙi da hwari."

"Takarda ba ta yi ƙarya ba. Sai dai ba babanki anka rubuta ma ita ba."

Ba ta dube ni ba duk tsawon maganar, hannunta na cikin ƙwarya. Ta ce kafin Baba akwai wani. Damina biyu kafin a gina lakwal ɗin garin ta haife shi. Da ya taɓo kunnensa aka rubuta shi lakwal, aka yi masa takarda. Shekara ɗaya da 'yan watanni ya yi yana zuwa, sanƙarau ya shigo garin da bazara ya ɗauke shi cikin kwana biyu, Baba yana goye a bayanta.

"Shi aɗ ɗan hwarina. Uwar mijina tar riƙe shi. Ban taɓa ɗaukanshi gaban mutane ba, ban taɓa kiran sunanshi ba. Ran da yac cika ma ban yi kuka cikin mutane ba, bayan rumbu nit tahi."

Takardar ta zauna a ƙasan kwallarta shekara da shekaru. Baba ya tashi, ya tafi Konni yana yaron mota a tasha, ya iya tuƙi tun bai kai sha bakwai ba. Aka ce ana neman direba, amma sai mai farmi, takardar izinin tuƙi, farmi kuma sai mai takardar haihuwa da shekarunsa suka kai. Shi ba a taɓa yi masa takarda ba, don ba a sa shi lakwal ba. Ya zo ƙauye ya zauna a gabanta ya gaya mata. Ita ta buɗe kwalla ta miƙa masa. Dogo ne, babu wanda ya yi musu. Daga ranar ya shiga gari da sunan wansa, da shi aka ɗauke shi aiki, da shi aka ɗaura masa aure da Inna a Illela, shi ne kuma a takarduna a gurbin sunan uba.

"Nic ce mai takardar bai ko ga Konni ba," in ji Kaka. "Bari sunan ya tahi ya gani."

Sai a lokacin na gane cewa sunan da take kiran Baba da shi ba laƙabi ba ne. Sunansa ne na yanka, wanda aka raɗa masa ran suna, kuma a duniya ita kaɗai ta rage mai kiransa da shi.

Da ina da hankali da na rungume ta. Abin da na yi shi ne na miƙe na ce me ya sa ba su gyara ba tuntuni, ga shi sun jawo za a kore shi aiki. Haka na faɗa wa tsohuwar da na sa ta tono ɗanta da bik a hannuna. Ta ci gaba da ɓarar wakenta. Don taurin kai har lakwal ɗin garin na je, na sami shekarar da aka rubuta a saman ƙofar, na koma baya da damina biyu. Ta yi daidai da takardar, ko shekara guda babu kuskure. Kwana biyun da na ƙara a ƙauyen Kaka ba ta zage ni ko sau ɗaya ba.

Duk da haka ban haƙura ba. Ranar da na dawo Konni na sami Baba da la'asar a ƙofar gida yana wanke motar, ya naɗe hannun riga. Na miƙa masa kaye. Bai yi lakwal ba amma ya san lambobi, shekara talatin da 'yan kai yana cika takardar mai da ta nisan tafiya. Ya goge hannu a wando, ya bi lissafin da yatsa daga sama har ƙasa, a hankali, yadda yake bin waya in mota ta ƙi tashi. Ya ga zanen rijiyar da na yi a gefe, ya ɗan yi murmushi.

"Lissahinki daidai na," ya ce. "Wa yag gwada maki haka?"

"Cikin littahi nig gani. Baba, mu kai masu. Shekara bakwai ta, ba kwana bakwai ba."

"In mun kai, sai su tambaye ni wa yat tuƙa masu mota shekarun ga duka. Sai su tambaye ki ɗiyar wa kike cikin takardarki, ga jarrabawa gabanki. Kin ji?"

"To haka nan za ka bari?"

"Da niz zo gari ina yaro, shekarun nan bakwai su sunka buɗe mani ƙohwa. Ban yi gardama ba ran nan. Yanzu ma ba ni yi."

Na fashe da kuka, na ce ba adalci. Ya ce in riƙe masa bokiti. Na riƙe ina kuka yana ɗauraye tayoyi, har ya gama, ya rufe kayen ya mayar mini. Ya ce in adana shi, kada in nuna wa Mushe. Ban nuna ba. Da wata ukun suka cika ya sa babbar rigarsa ya kai makulli, ya dawo gida a bayan kabu-kabu.

Zaman gida bai karɓe shi ba. Da asuba yakan shirya tsaf kamar mai fita, ya zauna a ƙofar gida, in mota ta wuce ya bi ta da kunne ya ce wannan tana shan mai, waccan birkinta ya kusa. Ya nemi tuƙi a tasha, masu motoci suka dubi takardunsa suka ce a bar wa yara, Baba a je a huta. Ya gwada noma a ƙauye damina ɗaya, hannunsa bai saba ba. A gida kuma kowa ya fara bi da shi kamar tsoho, ana karɓe masa kaya, ana kawo masa buta, shi ma ya fara tafiya irin ta tsofaffi. Ina ganin abin yana cina, ni kaɗai a cikin yaran na san mutumin nan bai kai inda ake ajiye shi ba. Shekara uku ya yi haka. Wata safiya hawan jini ya kayar da shi a bakin masallaci, kafin azahar ya cika.

Masu gaisuwa suka cika gida. Mata suna shigowa suna cewa a yi haƙuri, ai an gode Allah, sittin da uku ba kaɗan ba ne, ya ga 'ya'yansa sun tasa. Kowace ta faɗa sai in ji kamar in tashi in ce hamsin da shida ne, ku daina ƙara masa. Inna tana kallona ta gefen ido, ta san halina, na haɗiye.

Washegari aka kawo Kaka daga ƙauye. Ta tsufa ƙwarai a lokacin, ido ya yi rauni, sai an kama mata hannu. Aka shimfiɗa mata tabarma a inuwar ɗakin Inna, na zauna kusa da ita. Ba ta yi kuka ba, tana ta jan casbi. Da la'asar wata maƙwabciya ta kunna ƙaramin rediyo don a ji sanarwar rasuwar da ƙannen Inna suka kai gidan rediyo. Mai sanarwa ya yi salati, ya faɗi sunan mamaci da na ubansa, ya ce tsohon direba, ya faɗi unguwa da ranar addu'ar uku. Ya maimaita sau biyu. Mata suka yi ta cewa Allah ya jiƙansa.

Casbin ya tsaya a hannun Kaka. Ta juyo wajena, muryarta ƙasa ƙasa.

"Wanga na riga na yi kukanshi tun da daɗewa. Ɗayan hwa? Babu mai hwaɗin nashi?"

Na duba tsakar gidan, mata sun fi talatin, babu wadda ta ji, kuma ko sun ji babu wadda ta san me take nufi. Ɗiya ba ta faɗin sunan ubanta, ni ma tun da aka haife ni bai taɓa fita daga bakina ba, ko wancan ko wannan. Na matsa na kai bakina kunnenta. Na faɗi sunan da take kiransa da shi, na haɗa da na ubansa kamar yadda mai sanarwa ya yi, na ce ya rasu jiya kafin azahar, yana da shekara hamsin da shida, Allah ya jiƙansa.

Ta damƙe hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Hawaye suka zubo mata a gaban mutane, ba ta rufe fuska ba.

"Ƙara hwaɗi," ta ce.

Na ƙara.